Wane jirgin ruwa zan hau don kallon gine-gine a Shikago?

Ɗan'uwa, ka ce za ka birnin Shikago na Amurka kuma ka rasa wane jirgi za ka zaɓa. To ni dai shawarata, kar kyan jirgi ya ruɗe ka, mai bayanin shi ne komai. Na Chicago Architecture Center, wato cibiyar da ke ilimantar da mutane kan gine-ginen garin, minti 90 ne, kuma masu bayaninsu an horar da su sosai, za su kai ka duk rassan kogin Shikago guda 3 suna faɗa maka yadda aka sake gina garin bayan gobarar 1871, ka ga Wrigley Building da Willis Tower da tagwayen benayen Marina City masu kama da goyon masara.

Wasu jiragen kuwa suna haɗawa da tafkin Mishigan, hoto kam za ka samu amma bayanin sai ya ragu.

Ka je da wuri ka kama kujera a saman jirgin, don a ƙasa rufi zai tare maka rabin ginin. Ka riƙe rigar sanyi ko da rana ta fito, iskar kogin nan ba ta da wasa wallahi. Tikiti kuma ka saya ta intanet tun kafin ranar, na yamma saurin ƙarewa yake.