Tambaya da Amsa: Takalmin Aiki Mai Sauƙin Kuɗi

Tambaya: Ni birkila ne a Kano. Injiniyoyin da muke aiki tare, har da Turawa, takalmin sefti mai ƙarfe a baki suke sawa, mu kuwa da silifas muke taka filin gini. Kwanan baya ƙusa ta huda ƙafar abokin aikina. Kuɗina ba za su kai na kanti ba. Na gwanjo zai yi?

Amsa: Allah ya ba abokinka lafiya. Malam, zai yi, in ka san abin da za ka duba. Ingancin takalmin injiniya ba daga kantin da ya saya yake ba, daga ƙa'idar da aka ƙera shi a kai ne, kuma a rubuce take a cikinsa, ƙarƙashin inda ake ɗaure igiya. Nemi EN ISO 20345. Wannan lamba na nufin bakinsa zai jure nauyin kusan kilo 20 da ya faɗo daga tsayin mita ɗaya. Kusa da ita za ka ga S1, S1P, S2 ko S3. Kai da ke tsoron ƙusa, S1P ko S3 ne naka, don su ne ke da farantin da ke hana ƙusa hudawa a tafinsu. S1 da S2 yatsu suke karewa, ƙusa na iya ratsa su. S3 ya ƙara da hana ruwa shiga, ya fi dacewa da mai kwaɓa siminti da aikin damina.

Babbar matsalar gwanjo a tafin take. Yawancin takalman sefti da roba mai sauƙi da ake kira PU ake yi musu ƙasa, ita kuwa in ta daɗe a ajiye danshi yana cinye ta daga ciki. Sai ka ga takalmi fes kamar ba a taɓa sawa ba, kwana uku ƙasan ya marmashe kamar busasshen burodi, kuma babu gam ɗin da zai kama shi. Saboda haka a gaban mai kayan ka lanƙwasa shi da ƙarfi, ka danna farcenka a dunduniya. In ya tsage, ko ya yi danƙo, ko gari ya zubo, ajiye shi ko da kyauta ne. Duba shekarar ƙira ma, sau da yawa tana ƙasan. Wanda ƙarfen bakinsa ya lotsa ya riga ya sha duka sau ɗaya, kada ka saya.

Da yamma ake gwaji, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa mai kauri, ƙafa biyun duka. A bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin. Fata tana buɗewa, ƙarfe ba ya buɗewa, kada wani ya ce maka zai saki. Lamba 42 ta Turai ita ce 8 ta Ingila, kusan 9 ta Amurka.

Tambaya: Na lura ana duba shigar mutum da yarensa kafin a yanka masa farashi. A Ƙofar Wambai zan saya wurin 'yan'uwana Hausawa, ko a Sabon Gari?

Amsa: Ana yin haka, kuma kowane ɓangare na yi. Mai babbar riga ya ji kuɗi daban, lebura ya ji daban. Maganinsa ka taya a rumfa uku a kowace kasuwa kafin ka ciro ko kwabo, ka kuma nemi S3 da sunansa. Mai sayarwa yana gane wanda ya san kaya, Bahaushe ne shi ko Ibo. In ku biyar ko shida ne a wurin aiki, ku haɗa kuɗi ku saya tare, za a fi yi muku ragi.

Na Aba da ake kawowa daga kasuwar Ariaria yana da kyau ga mai gadi da direba, musamman in shumeka ya zagaye ƙasan da ɗinki tun yana sabo. Amma in ba ka ga waccan lamba ta EN ISO 20345 a ciki ba, kada ka shiga filin gini da shi.