Kafin ku miƙa wa ɗan haya makulli

Tambayoyin wannan mako duk a kan gidan haya suka taru.

Wani Alhaji daga unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi ya gama ɗakuna huɗu, yana tambayar wane launin fenti ya fi jawo 'yan haya. Alhaji, don Allah! Shafa fari ko ruwan madara ka wuce wurin. Ɗan haya kwano yake fara ɗaga kai ya duba, sannan makewayi da famfo. Wanda ya ga yadda ruwan damina ya rusa gidaje a Maradi a 2024 zai so ya san inda indararonka ke zuba, da ko dandamalin ƙofa ya fi titi tudu. Can za ka kai kuɗin.

Sai wata baiwar Allah daga unguwar Bagalam da ta fita takaba. Tana son ba da ɗakuna biyu haya don ciyar da marayu, amma tana tsoron a raina ta a hana ta kuɗinta. Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Tsoronki na kan hanya, kuma yana da magani. Kada ki ba kowa ɗaki da baki kawai, ko da ɗan ƙawarki ne. A rubuta takarda: jika nawa a wata, ran nawa ga wata, wa ke biyan kwashe masai, wata nawa za a sanar kafin tashi. Shaidu biyu su sa hannu, mai unguwa ya sani. Duk biya ki ba da rasit. In da hali ki raba musu kwantar wuta, domin rabon kuɗin takardar NIGELEC, kamfanin wuta, ya fi kuɗin haya haddasa faɗa a tsakar gida. Ki sa ƙaninki ko babban ɗanki ya riƙa karɓa, ke ki tsaya a matsayin uwa.

Yanzu ga wadda ta tayar mini da hankali. Wani matashi yana gyara wa mahaifinsa gida a unguwar Zariya ta Maradi don ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Mai shago ya nuna masa naɗin wayar wuta biyu, ɗaya kusan rabin kuɗin ɗayan. Wai tunda ba su za su zauna ba, ya ɗauki mai arahar?

Ɗana, wannan “ba mu za mu zauna ba” ita ce ke ƙone gidaje. Wayar nan mai araha galibi alminiyon ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, wata ma baƙin ƙarfe ne. Alminiyon yana ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 ne na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka, kuma yana saki a bakin soket, wurin ya yi ta zafi a cikin bango ba wanda ya gani. Ka kawo zafin Afrilu: fanka ba ta hutawa, ga firiji, ga dutsen guga, ga abin dafa ruwan shayi da ba ɗalibin da ba shi da shi. Ranar da roba ta narke, rufin babanka ne zai ci wuta, kuma 'ya'yan mutane ne a ciki suna barci.

Gwajin ba wuya. A yanko maka ɗan guntu, ka kankare da wuƙa. In fari ya bayyana a ƙarƙashi, ajiye musu kayansu. Kara maganaɗisu; in ya kama, ƙarfe ne. Ɗaga naɗin biyu ka ji, na gaske ya fi nauyi. Mai shagon da ya hana ka gwadawa ya riga ya ba ka amsa. Rubutun jikin leda kuwa kada ya ruɗe ka, kowa na iya buga shi. Kauri ma a kula: waya mai lamba 1.5 ta fitilu ce, soket sai mai lamba 2.5, na'urar sanyaya ɗaki a ja mata layinta daban. Kuma ka je kasuwa da ƙafarka tare da mai haɗa wutar. Mutum zai zuba kuɗi a ƙofar ƙarfe mai ado don 'yan unguwa su gani, ya zo kan abin da ke cikin bango ya fara ƙyashi. Ban gane wannan lissafi ba.

Mai tambaya ko ya karɓi hayar shekara gaba ɗaya ya gama ginin da ita: a'a, Malam. In kuɗin suka ƙare aiki bai ƙare ba, ɗan haya zai tare a gidan da ba ƙyaure a makewayi, kai kuma wata goma sha biyu ba ka da bakin magana. Gama ɗaki ɗaya tsaf, ka ba da shi, hayarsa ta gama na biyu.