Jar giyar inabi ta ƙananan gonaki

Malam, ka tambayi abin da ya bambanta ta da ta manyan kamfanoni. Dubi Morgon, a yankin Bojole na Faransa. A 1981 wani manomin inabi na can, Marcel Lapierre, ya fara bin shawarar masanin giya Jules Chauvet: babu takin zamani, babu feshin maganin ciyawa. Da hannu ake tsinko inabin gamay, a zuba shi da nononsa cikin tanki, yis ɗin da ke jikin ɓawon ya tsima shi. Farar wuta kuwa, wadda ake sa wa giya don kada ta lalace, ɗan kaɗan, wani lokaci ma babu. Shi ya sa ta bana ba ta kama da ta bara, rana da damina kowace ta bar alamarta. Kasadar manomin ce ke burge ni, domin sakaci kaɗan ganga guda ta yi tsami.