Tarkon zarge a dajin Kanada: kwana nawa ake yi kafin a kewayo shi?

Tambaya: Malam, ina zaune a lardin Birtish Kolombiya na Kanada. Wani abokin aikina mai lasisin kama dabbobi don fatarsu ya gayyace ni in raka shi zagayen tarkunansa a lokacin ƙanƙara. Na ga ƙyallaye masu launi ɗaure a rassan itatuwa, ya kuma ce sai bayan mako guda yake komawa. Doka ta yarda da haka kuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, ya danganta da irin tarkon da ya ɗana. A lardinku dokar ta raba su biyu. Tarkon da ke riƙe dabba da ranta dole a duba shi cikin kowace awa 72. Wanda aka yi don ya kashe, har da zargen waya na wuya, an ba shi kwana 14. To idan zargen kisa ne, abokinka bai karya doka ba.

Kada dai ka ɗauki wannan ƙa'ida ka tafi da ita wani wuri. A lardin Alberta na Kanada, mai rajistaccen yankin tarko yana duba tarkon da ke riƙe dabba da ranta duk awa 48. A jihar Fensilbeniya ta Amurka awa 36 ne, kuma dole kowane tarko ya ɗauki sunan mai shi da adireshinsa ko lambar da hukuma ta ba shi. Sikotland ta fara tilasta lambar shaida a jikin zarge a 2013, sannan ta haramta shi ɗungurungum a Nuwamban 2024.

Ni kam kwana 14 ya yi mini yawa ƙwarai. An gina shi ne a kan zaton cewa zarge na kashewa nan take, alhali waya ba kullum take faɗawa inda aka so ba. Dabba kan cusa kai har da ƙafar gaba ɗaya, sai zargen ya kama ta a ƙirji ko a ciki. Wani lokacin ƙanƙara ta daskare a makullin wayar, ya ƙi zamewa ya matse. Sai ka iske kyarkeci da rai bayan kwanaki, kansa ya kumbura suntum saboda jini na shiga ba ya fita, ya tattake wurin ya gaigaye duk reshen da bakinsa ya kai. Wanda ya taɓa ganin wannan ba ya jiran doka ta ce masa ya koma. Ko ta fuskar kasuwa ma asara ce, domin hankaki da sauran maciya mushe ba sa barin fata ta kwana biyu lafiya. Shawarata, kada a wuce kwana biyu ko uku, kuma wanda ba zai iya haka ba ya rage yawan tarkunansa.

Ƙyallayen da ka gani don tuna wuri ne. Ƙanƙarar dare ɗaya tana iya shafe sawu da alama, daji duk ya koma kama ɗaya. Gwanaye kan ɗaure ƙyallen 'yan taku kaɗan daga tarkon, sama da inda ƙanƙara za ta kai, su rubuta wurin a littafi ko a na'urar GPS tare da adadin wayoyin da ke nan. Adadin shi ne babban abu. In ka ɗana 12 a kusa da mushe ɗaya da aka ajiye don jawo dabbobi, 12 za ka kwance ranar tashi. Wayar da aka manta ba ta san kakar farauta ta ƙare ba, tana nan tana jiran barewa ko karen wani.

Alamar suna kuwa ɗan falle ne na tagulla ko alminiyam, a buga lamba a kai a ɗaure shi wajen gindin wayar. Ko inda doka ba ta tilasta ba, ina son a sa, don jami'in gandun daji ya san wa zai nema. Ka kuma duba ko zargensa na da 'yar mahaɗar da ke ɓallewa idan babbar dabba ta fizga, da ɗan ƙarfen da ke hana bakin zargen rufewa ruf a ƙafar barewa.

Abu ɗaya da ya shafe ka kai tsaye: in an sami zomo ya mutu a zarge aka miƙo maka, wannan maƙurarriya ce, tana cikin abin da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta haramta ci.

Ka raka shi, amma ka tambaye shi tun a gida abin da mai rakiya zai iya taɓawa ba tare da lasisi ba. Idan kuma wata rana ka ci karo da tarkon wani da dabba a ciki tana wahala, kada ka sa hannu. Ka ɗauki hoto, ka riƙe wurin, ka buga wa jami'an kare namun daji na lardin.