Shin Ƙiba da Jinin Al'ada Suna Tsananta Ciwon Asma?

Tambaya: Likita, ina da ciwon asma tun ina budurwa, amma bayan haihuwata ta uku na yi ƙiba sosai, ciwon kuma ya yawaita tashi, musamman idan al'adata ta kusa zuwa. Idan ya matsa mini nakan sayi prednisolone a kemis in sha. Ƙibar ce ke jawo wannan? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Malama, ƙibar tana da hannu, haka ma al'adar, amma ƙwayar da kike saya ta fi damuna.

Kitsen da ya taru a ciki da ƙirji yana danne huhu daga ƙasa, ya hana shi buɗewa yadda ya kamata, sai hanyoyin iska su ƙuntata tun kafin ciwon ya tashi. Bayan haka, kitse yana fitar da wani sinadari mai suna leptin, wanda ke ƙara kumburi a jiki, shi ya sa maganin shaƙa na rigakafi ba ya yi wa mai ƙiba aiki sosai kamar yadda yake yi wa wanda ba shi da ita. Ƙiba kuma takan zo da ƙwarnafi da minshari mai yanke numfashi cikin barci, kuma dukansu suna tayar da tari da dare. Muna cewa mutum yana da ƙiba idan ma'aunin BMI, wato nauyinsa gwargwadon tsayinsa, ya kai 30.

Batun al'ada kuwa sananne ne. A ƙuruciya yara maza sun fi mata kamuwa da asma, amma bayan balaga sai lamarin ya juya, abin da ke nuna tasirin sinadaran jikin mace, estrogen da progesterone, waɗanda ke sauka gab da zuwan jini. Ki riƙa rubuta ranakun al'adarki da ranakun da kika buƙaci abin shaƙa na tsawon wata uku, ki kai wa likita, domin da wannan ne zai tsara miki magani kafin kwanakin su zo.

Prednisolone tana ceton rai idan ciwo ya yi tsanani, kuma mukan ba da ita na 'yan kwanaki. Amma yawan shanta yana buɗe ciki, ya tara kitse a tumbi da fuska da ƙeya, ya jawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi. Dangi ɗaya suke da dexamethasone, wadda wasu mata ke sha don su yi jiki, ana ce mata sha ka fashe. Kin ga ke nan ƙwayar tana ƙara ƙiba, ƙibar tana tayar da ciwon, ciwon kuma yana mayar da ke kemis. Idan kin daɗe kina shanta a jere, kada ki daina lokaci guda. A hankali likita zai rage miki ita.

Abin da kike buƙata shi ne maganin shaƙa na rigakafi, irin su budesonide ko beclometasone, wanda ɗan kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Shuɗin abin shaƙar nan na salbutamol buɗe ƙirji kawai yake yi, ba ya taɓa kumburin, kuma tun 2019 ƙa'idar kula da asma ta duniya mai suna GINA ta daina ba da shawarar manya su dogara da shi kaɗai. Ki je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a auna numfashinki, domin wani lokaci nauyin jiki ne ke sa haki ba asma ba, kuma ƙara magani a kan haka ba ya amfani.

Ba sai kin rame ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki yakan kawo sauƙi, wato mai kilo 90 ta sauke huɗu da rabi zuwa tara. Ki rage lemon kwalba da soye-soye da yawan tuwon dare, ki riƙa tattaki, amma a hunturu ki rufe hanci ki bari ƙurar safe ta lafa, ki kuma nisanci turaren wuta da hayaƙin itace. Idan kika sake samun ciki, kada ki ajiye abin shaƙarki don tsoron cutar da jariri, domin ƙarancin iska a jikin uwa ya fi maganin haɗari gare shi.