Me Ya Sa Rigar Sanyi Take Tartsatsi da Hunturu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Ɗalibaina sun tambaye ni dalilin da ya sa rigar sanyi take ƙas-ƙas har da tartsatsi idan an cire ta da dare lokacin hunturu, amma da damina shiru. Wa ya gano sirrin abin, kuma yaya zan nuna musu a aji?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan lantarki ne da ke taruwa a jikin abu idan ya gogi wani. Tun zamanin Girkawa an san shi, amma wanda ya gano cewa iri biyu ne shi ne Charles du Fay, masanin sinadarai ɗan Faransa, a 1733. Ya goge bututun gilashi ya taɓa wani siririn ɓawon zinariya da shi, sai ɓawon ya riƙa gudun bututun. Da ya kawo gogaggen ƙaro kusa, yana zaton shi ma za a guje shi, sai ɓawon ya manne masa. Ya kira ɗaya lantarkin gilashi, ɗayan lantarkin ƙaro: iri ɗaya suna tunkuɗe juna, mabambanta suna jan juna. Daga baya Benjamin Franklin na Amurka ya sa musu alamun + da −.

A aji, ku yanko leda biyu, faɗin yatsa biyu, tsawon taƙi ɗaya. Ku goge kowace da hular ulu kamar sau 20, ku riƙe su tare ta sama, za ku ga ƙasansu ya buɗe kamar almakashi. Sannan ku goge busasshiyar kwalba da wata ledar, ku kawo kwalbar kusa da ɗaya daga ledojin da kuka goge da ulu, ledar za ta bi ta. Ku jaddada wa yara cewa tunkuɗewar ce hujja, domin ko hannun da ba a goga ba yana jan ledar.

Abin da ke ɓata gwajin shi ne laima. Du Fay kansa ya lura jiƙaƙƙen zare ya fi busasshe barin lantarki ya wuce ta jikinsa. Da damina danshi kan kwanta a jikin tufa da kwalba, lantarkin ya zurare kafin ya taru. Gumin tafin hannu ma haka yake yi. Don haka ku yi shi tsakanin Disamba da Fabrairu, ku shanya kayan a rana tukuna. Kada ku gwada da cokali, ƙarfe yana miƙa lantarkin ta jikinku zuwa ƙasa.