Injin busar da kaya yana ɓata tufafi da baƙin layi: laifin sil ne ko na ganga?

Tambayoyin wannan makon sun kauce daga waya da kwamfuta, sun koma ɗakin wanki. Uku ne suka zo a kan abu guda, shi ya sa na haɗa su.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Injin busar da kayan wanki gare ni, mai aiki da gas. Kwanan nan kaya suna fitowa da wani layi ruwan ƙasa-ƙasa a bakin kwala da ƙafar wando, har ya tsinke mini igiyar rigar yaro. Busarwar ma ta ƙara tsawo. An ce mini sil ɗin gangar ne ya cinye. Gaskiya ne? Kuma aikin da zan iya yi da kaina ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Alamun da kika lissafa duk sun yi daidai da cinyewar sil.

Gangar da kaya ke juyawa a ciki buɗe take gaba da baya a injuna da yawa, tana juyawa ne tsakanin bango biyu da ba sa motsi. Ratar da ke tsakanin bakin gangar da bangon, ita aka toshe da wani zoben ƙyalle mai kauri kamar bargo, shi ne sil ɗin. Aikinsa biyu: hana kaya shiga ratar, da hana iska satar hanya. Na biyun ne mutane ba su cika lura da shi ba. Fankar injin ba hura iska take yi cikin ganga ba, zuƙowa take yi. Iskar tana bi ta wurin wutar gas ta ɗauki zafi, ta ratsa kayan, ta wuce rariyar da ke tare burbushin zare, sannan ta fita ta bututu. Idan sil ya cinye, sai fankar ta riƙa zuƙo iskar ɗaki mai sanyi ta ratar, kamar mai shan lemo da tsinken da ya huje a gefe: yana ta ja, abin da ke isowa kaɗan. Shi ya sa busarwa ta yi tsawo. Layin kuwa, bakin tufa ne ke faɗawa ratar, gangar ta murje shi a jikin ƙarfe mai zafi da tsohon ƙyallen da ya yi dauɗa.

Kafin ki sayi komai, buɗe ƙofa ki haska tocilar waya a bakin gangar, gaba da baya, kina juya ta da hannu a hankali. Inda ƙyallen ya siranta, ko ya ɓalle yana reto, ko kika hango ƙarfe tsirara, nan ne. Sai ki sa hannu a saman bakin gangar daga ciki ki ɗaga. Idan ta ɗagu sosai ta koma da ƙara, ki riƙe wannan a rai, zan dawo kansa a amsa ta biyu. Kada kuma a ruɗe ki da robar da ke jikin ƙofa. Wannan daban ce.

Ki ɗauki hoton takardar lambar samfurin injin, galibi tana manne a bakin ƙofa daga ciki. Da lambar za ki nemi sil, ba da sunan kamfani kawai ba, domin kamfani ɗaya yana da ganguna masu faɗi daban-daban, kuma sil na gaba ba lallai ya yi daidai da na baya ba.

Batun ko za ki iya, za ki iya in kina da haƙuri da mai kama miki. Amma akwai abu biyu da ba a tsallakewa. Cire fulogi daga bango, domin injin gas ma lantarki ne ke juya motonsa da kunna wutarsa. Sannan rufe makunnin gas da ke bayan injin. Idan hannun makunnin ya gicciye bututun, a rufe yake, idan ya bi tsawonsa, a buɗe yake. Canza sil ba ya buƙatar a kwance bututun gas, saboda haka kada ki taɓa shi, kuma idan za ki janyo injin daga bango ki ja a hankali, kada tiyon ya ɗame.

Yadda ake buɗewa ya danganta da ƙirar. A injunan Whirlpool masu rariya a sama, ana zare rariyar, a kwance sukurori biyu da ke ƙarƙashin murfinta, a cusa siririn ƙarfe mai faɗi a ƙarƙashin murfin sama kusa da kusurwoyin gaba don sakin maƙalai biyu, murfin ya ɗagu. Daga nan a cire wayar makunnin ƙofa, a kwance fuskar gaba. A yawancin na Samsung da LG kuwa daga baya ake kwance murfin sama. Ko wanne ne, ki sa safar hannu, gefen ƙarfen nan yana yanka.

A nan wayar hannu take da rana. Ɗauki hoton kowace wayar lantarki kafin ki zare ta, musamman kuma hoton yadda bel ɗin da ke juya ganga ya zagaya moto da ƙaramar gargaren nan mai sifirin da ke ɗame shi. Mayar da bel shi ne inda yawancin masu gyaran gida ke cijewa, domin da lalube ake yi, hannu a ƙarƙashin ganga, ido ba ya gani. Tura gargaren ya saki bel, sannan ki yi amfani da bel ɗin kansa wajen ɗaga gangar ku fito da ita.

Da an fito da ganga za ki ga wurin wutar gas a ƙasa, da wani ɗan sanda mai ruwan toka a bakinsa. Shi ne ke yin ja ya kunna gas ɗin, kuma ba ya jure bugu ko kaɗan. Kada ki taɓa shi, kada bakin injin shara ya goge shi lokacin da kike kwashe burbushin zaren da ya taru a ciki. Ki kwashe shi tas, shi ne abin da wuta ke kamawa a irin waɗannan injuna.

Kafin ki ɓare tsohon sil, kalli yadda ya zauna: wane gefe ne ɗinkin yake, ina lanƙwasar ta fuskanta. Hoto kuma. Sabon zai zauna daidai haka, in aka juya shi baibai zai naɗe da zarar ganga ta fara juyawa. Ɓare tsohon, kankare ragowar gam, bi da samfefa har ƙarfen ya yi sumul, ki goge ƙurar. Wannan kankarar ita ce rabin aikin, kuma ita ce aka fi yi wa ha'inci. Ɗora sabon sil a bakin gangar ba gam tukuna, ki daidaita shi ko'ina, ki kama shi da maƙalan shanya. Zai yi kamar ya yi kaɗan, haka aka yi shi, jan sa ake yi ya hau. Sannan ki riƙa ɗaga gefensa kaɗan-kaɗan kina zizara gam siriri a ƙarƙashi, kina dannawa. Gam ɗin a tsakanin ƙyalle da ƙarfen ganga kawai yake zama. In ya malalo kan fuskar da ke gogar bango, zai bushe ya yi tauri ya riƙa ƙara.

Bayan an mayar da ganga, bi bakinta da yatsa ki tabbatar sil bai lanƙwashe ciki ba, gefen bel mai layi-layi yana kwance a jikin ganga, sannan juya ta da hannu zagaye biyu ko uku. Za ta ɗan yi nauyi da farko saboda sabon ƙyalle.

Tambaya: Malam, na canza sil na baya, bai daɗe ba ya sake cinyewa a gefe ɗaya, ga ƙarar gurzar ƙarfe. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Mai yiwuwa ne, amma ban fi zargin haka ba. Cinyewa a gefe ɗaya tana nuna gangar ce ta karkace. Sil ba shi aka yi don ɗaukar nauyi ba. Abin da ke ɗauke da ganga ƙananan tayoyi ne, biyu a baya a ƙirar Whirlpool da na ambata, huɗu a yawancin na Samsung da LG. Injunan GE da yawa kuwa sanda ce a tsakiyar baya, gaban gangar kuma yana zamewa a kan wasu 'yan faifan roba. Idan tayoyin suka cinye, ko faifan suka zaizaye, ganga takan sauka ƙasa, ta danne ƙyallen a wuri ɗaya ta buɗe rata a wani wurin. Ka sa sabon sil sau goma, haka za ta ci shi.

Sake buɗewa, ɗan'uwa. Juya kowace taya da yatsa. Wadda ta cije, ko take rawa a kan sandarta, ko robarta ta yi shafe a gefe guda, ta gama aiki. Ka canza su gaba ɗaya, kada ka haɗa sabuwa da tsohuwa, gangar za ta sake karkacewa. Ni a ganina duk wanda ya riga ya sha wahalar fito da ganga, kuskure ne ya mayar da ita a kan tsofaffin tayoyi da tsohon bel mai tsagewa. Ana sayar da su a haɗe ga samfura da yawa. Ka duba bakin gangar ma, ko ya lotsa. Sannan a rage cika injin da manyan barguna masu jiƙe, nauyinsu ne ke saurin kashe tayoyin.

Tambaya: Sil ɗin da na saya bai zo da gam ba. Zan iya sa gam ɗin da nake da shi a gida? Kuma sai yaushe zan kunna?

Amsa: A'a. Gam mai jure zafi ake nema, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na wannan aikin ne. Gam na yau da kullum yakan yi laushi da zafi ya saki, mai bushewa nan take kuma yakan ƙandare ƙyallen ya farfashe. Ka fara dubawa ma ko naka na buƙatar gam, domin a wasu injuna sil na gaba cusa shi ake yi cikin kwarmi ko a kama shi da maƙalai.

Lokacin kunnawa, bi abin da aka rubuta a jikin gam ɗin, kada ka rage. Wannan ya fi muhimmanci a injin gas, saboda yawancin irin wannan gam tururinsa yana kama wuta kafin ya bushe, kuma a ƙasan gangar nan harshen wuta ne na gaske. Ka yi aikin inda iska ke shiga, ka bar shi ya kwana in da hali. Gwajin farko ka yi shi ba kaya, a kan zaɓin iska zalla marar zafi, kana sauraron ƙara. In lafiya, sai ka buɗe gas.

Da ka buɗe, shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo da injin da kuma wajen makunnin, tunda an motsa injin. Kumfa mai tasowa tana girma alamar yoyo ce. Kada a gwada da ashana. In ka ga kumfa ko ka ji warin gas, rufe makunnin, buɗe tagogi, kada ka kunna ko ka kashe wani makunnin lantarki, ka kira ƙwararren mai aikin gas. Wannan ɓangaren ba na gyaran gida ba ne.

Ka kuma tabbatar bututun fitar da iska, mai faɗin inci 4, ya koma mazauninsa a bayan injin, bai lanƙwashe ba, kuma waje yake kaiwa. Hayaƙin ƙonewar gas ta nan yake fita tare da danshin kaya, kuma yana iya ɗauke da kabon monoksayid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi. Idan an sa sabon sil amma tsawon busarwar bai ragu ba, fita waje ka sa hannu a bakin bututun injin yana aiki. Iska mai rauni tana nufin bututun ya toshe da burbushin zare, sai a kwance shi a share.